Malam Da'u Ya Hau Bene da Tattabarunsa

Duk wanda ya san Toranke ya san gidan Malam Da'u, ko da bai san Malam Da'un ba. Gidan ne na bakin hanyar gonaki, wanda kan katangarsa ya yi fari fat kamar an shafa farar ƙasa, alhali kashin tattabaru ne na shekara da shekaru. In baƙo ya tambayi hanya ba a yi masa dogon kwatance. Sai a ce ya ɗaga kai, inda ya ga tsuntsaye na kewayawa, to nan ne.

Manomi ne kamar kowa a garin: gero, dawa, gyaɗa, da ɗan barkono in damina ta yi kyau. Gajere ne siriri, mai saurin fushi da saurin hucewa, ko da yake 'ya'yansa za su rantse maka hucewar ba ta kai fushin sauri ba. Tun yana saurayi kawunsa ya ba shi tattabaru biyu, mace da namiji, ya rataya musu tukunya a jikin rumbu. Daga biyun nan duk sauran suka fito. Ya yi aure suna nan. Aka haifi Suhaib, aka haifi Hamdiyya, suna nan. Matarsa Madina ta ƙare zamanta tana mita a kan kashin da suke zuba mata a shanya, har Allah ya karɓi abarsa. Ranar da aka kai ta, da 'yan gaisuwa suka ragu, aka ga ya ɗebi gero ya nufi bayan rumbu. Wasu suka ce wannan mutum da taurin zuciya yake, matarsa ta rasu amma tsuntsaye ne a ransa. Ba su san can ya je ya yi kukansa ba.

Abu biyu Malam Da'u yake taƙama da su a duniya, kuma ba ya gajiya da faɗa.

Na farko, bai taɓa ɗaure tsuntsu ba. Masu kiwon tattabaru suna da dabararsu wadda kowa ya sani. In ka kawo tattabara sabon gida, sai ka ɗaure mata dogayen gashin fiffike da zare don kada ta tashi ta koma inda ta fito. Haka za ta yi ta yawo a ƙasa kamar kaza har ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe. Da zarar ta yi 'ya'ya a gidanka ta zama taka, sai ka kwance ta. Malam Da'u ya ƙi jinin wannan al'ada. "Ni ban taɓa ɗaure fiffike ba," in ji shi a majalisa, a kasuwa, har a wajen zaman makoki. "Duk wadda ta zauna a gidana, don ta ga dama ta zauna." Ya faɗa ya maimaita, har maƙwabcinsa kuma abokinsa Kabo ya haddace. Da ya buɗe baki ya ce "Ni ban taɓa," sai Kabo ya ƙarasa masa.

Na biyu kuwa babur ɗinsa ne, wani tsoho mai salansa ɗaure da waya, wanda ake jin tahowarsa tun daga bayan gari. Da shi yake cin kasuwar Ajingi, da shi yake zuwa suna da ta'aziyya, da shi yake kai wa marasa lafiya 'yan shila a yi musu farfesu. Makullin yana ɗaure da 'yar igiyar fata, kuma mazauninsa ɗaya ne, wata tsohuwar ƙusa a bakin ƙofar zaure.

Sai ga shi wata damina ya faɗi a gona. Kabo ne ya tsince shi kwance cikin gero, baki a karkace. Aka kwashe shi sai asibiti a Gaya, aka ce hawan jini ne. Allah ya tashi kafaɗunsa, bakin ya dawo daidai, sai dai hannun hagu ya rage ƙarfi. Likita ya ce magani kullum, awo a kai a kai, noma a rana kuma a haƙura da shi.

Suhaib, wanda ke aikin gwamnati a Abuja, ya taho. Hamdiyya dama a Gaya take aure, tana koyarwa a wata firamare. Suka yi shawararsu a bakin ɗakin asibiti, sannan suka shigo da fuska irin ta waɗanda suka riga suka gama magana.

"Baba," in ji Suhaib, "zamanka kai kaɗai a Toranke ya ƙare. Gida zan kama maka a nan Gaya, kusa da asibiti, kusa da Hamdiyya."

Malam Da'u ya dube shi, ya dubi ƙanwarsa, ya ga gardama ba za ta fisshe shi ba. Sai ya yi dabara. Kowa ya san masu gidan haya a gari ba sa ba mai kiwo, ko kaza ɗaya ce. Ya gyara kwanciya ya ce, "To, na ji. Amma ƙafata ƙafar tattabaruna. Inda ba za su zauna ba, ni ma ba zan zauna ba." Ya lumshe ido yana jin daɗin wayonsa. Ya manta cewa taurin kan Suhaib ba a ƙasa ya tsince shi ba.

Yaron nan ya bi Gaya lungu-lungu, shi da dillali. Wani mai gida ya ce shi ko agwagwa ba ya bari. Wani ya ce ai ya taɓa ba mai akuya, har yau yana da-na-sani. Wani ya ɗan saurara har ya tambaya tattabarun guda nawa ne, da aka ce masa ba a taɓa ƙirga su ba sai ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Duk labarin da ya iso kunnen Malam Da'u sai ya yi tsaki a fili, ya yi murmushi a ciki.

Ana nan sai aka faɗa kan benen Alhaji Gwadabe, can bayan gari inda sababbin gine-gine ke cinye gonaki. Alhajin ya daɗe a Legas yana kasuwanci, ya dawo da ra'ayin cewa ɗan haya na zamani ba ya rasa 'yar dabbarsa. Ya zuba gini na gani na faɗa: tayil tun daga ƙofa har banɗaki, fitilu a cikin silin, sola, burtsatse, get da maigadi. Rabin gidan kuma babu kowa, don mutanen Gaya in sun leƙa sai su yaba su wuce.

Suhaib ya bugo waya cike da murna. "Baba, an samu! Sama ne, da baranda babba. Mai gidan ya ce ko zaki ne da kai a kawo."

Malam Da'u ya ga dabararsa ta juyo kansa. Shi ya kafa sharaɗi da bakinsa a gaban shaidu, kuma an cika. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Allah ya yi albarka," da murya irin ta mai karɓar gaisuwar mutuwa.

Ranar tashi Toranke ta sha kallo. Adaidaita sahu ta cika da kwanduna, kowane kwando na kuka. Kabo ya karɓi amanar gida. Mijin Hamdiyya ya tuƙo babur ya ajiye shi a ƙarƙashin matattakalar benen. Da Malam Da'u ya miƙa hannu a ba shi makulli, Hamdiyya ta ce birkin ba shi da kyau, makullin na wajen bakanike, in ya zo ya duba za a kawo.

Gidan kuwa, kai! Duk abin da Suhaib ke nunawa da alfahari, shi ne abin da ya zame wa tsohon nan masifa. Tayil ɗin santsi gare shi, in ka yi alwala sai ka taka kamar mai tafiya a kan kuɓewa. Masai na zama ne, mutum da girmansa ya hau kujera. Na'urar sanyaya ɗaki ta sa masa mura tun kwanan farko, ya sa aka kashe ta, ya rataya mata hula. Babu zaure. Babu inda mutum zai shimfiɗa tabarma mai wucewa ya yi masa sallama. In ka gaida maƙwabci a matattakala sai ya amsa yana tafiya, ko lafiyar iyali ba ya tsayawa a tambaya. Abin da ya fi ƙona masa rai, da ya ɗauko tukwanensa zai rataya a baranda, sai ga maigadi da saƙo: Alhaji ya yarda da dabba, amma bai yarda a buga ƙusa ko ɗaya a bangonsa ba.

"Zaki ya halatta, ƙusa ta haramta?" in ji Malam Da'u. "Wannan wane irin gida ne?"

Suhaib ya sa kafinta ya ƙera akwatunan katako masu fenti aka jera a baranda. Tattabarun suka dube su suka kau da kai. Tukunya ɗaya ce Malam Da'u ya girke a lungu a kan bulo, sai faɗa suke a kanta.

A ƙasansa akwai wata ma'aikaciyar jinya, Lauratu, ita ma izinin dabba ne ya kawo ta gidan. Mage gare ta, fara sol mai gashi buzu-buzu, daga Kano aka sayo. Abincin gwangwani take ci, kuma wanka ake mata. Malam Da'u ya ce tunda yake bai taɓa jin magen da ake yi wa wanka ba, ya tabbata in ta ga ɓera ita za ta gudu. Amma fa ya lura kullum tana zaune a kan katanga, ido a barandarsa, jela na motsi. Ba a yi nisa ba Lauratu ta hawo sama riƙe da farin mayafi. "Baba, don Allah dubi abin da tsuntsayenka suka yi mini a shanya! Yanzu na wanke shi fa!" Malam Da'u ya buɗe baki zai mayar mata, sai maganar ta maƙale. Haka Madina take faɗa, har da ɗaga mayafin sama. Tun zuwansa gidan nan bai ji abin da ya yi kama da gida ba sai wannan faɗan. Ya ba ta haƙuri, ta sauka tana mamakin sanyin halinsa.

Kowa ya ce masa ya ɗaure su. Maigadi ya ce, dillali ya ce, har Lauratu ta ce a wajen aikinsu akwai mai kiwo, da salatif ma yake naɗe nasa. Malam Da'u ya ce su riƙe shawararsu. Ya rufe barandar da raga na 'yan kwanaki, ya cika su da gero, ya jiƙa musu kanwa a kasko kamar yadda ya saba. Wata safiya ya yaye ragar yana cewa, "Yau za ku ga abin da ake kira sabo."

Suka tashi fuuu gaba ɗaya. Suka kewaya benen, suka kewaya tankin ruwa, shi kuwa yana tsaye hannu a ƙugu yana gyaɗa kai. Suka ƙara kewayawa sau ɗaya, sannan suka miƙe sak ta wajen Ajingi, hanyar Toranke. Ya tsaya har suka zama ɗigo-ɗigo, har ɗigon ya ɓace.

Kafin azahar waya ta yi ƙara. Kabo ne.

"Malam, ka yi baƙi. Ga su nan jere a kan katanga. In ba su gero ne, ko in ce musu mai gidan ya yi ƙaura?"

Malam Da'u ya kashe wayar ba sallama. Ga babur a ƙasa, babu makulli. Dole ya jira Hamdiyya ta taso daga makaranta, suka ɗauki shatar adaidaita, suka je suka jira magariba tsuntsayen suka shige tsofaffin tukwanen da aka bari, aka bi su ɗaya-ɗaya aka kama. Ya dawo da su yana yi musu faɗa tun daga Toranke har Gaya, butulai, marasa mutunci, waɗanda ba su san wahalar da aka sha a kansu ba. Ya ƙara musu kwanaki a raga, ya ƙara musu kanwa, har sukari ya sa a ruwan. Ya buɗe. Wannan karon ko kewaya tankin ba su yi ba.

Abu ya zama sana'a. Mai adaidaitan in ya hango Hamdiyya sai ya ce, "Malama, yau ma ɗauko su za mu yi?" Kabo kuwa ya daina ma dogon bayani, in ya bugo sai ya ce, "Sun iso lafiya, suna gaisuwa." Hamdiyya ta rame da zirga-zirga, ga makaranta, ga gidan miji, ga girkin Baba. Daga ƙarshe Suhaib ya yi magana ta waya, kuma ba da muryar lallashi ba.

"Baba, abin ya isa haka. Ko dai ka ɗaure su kamar yadda kowa ke yi, ko a bar su can Kabo ya ci gaba da kula da su. Hamdiyya ba za ta iya ba."

A bar su can? Ya zauna a benen nan shi da fitilun silin? Ya kwana biyu yana juya maganar. Sannan wani hantsi ya aiki maigadi ya sayo masa baƙin zare. Ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya rufe ƙofa. Ya fara da wata tsohuwar tattabara mai zanen wake-wake da yake kira Wake, wadda ke cin gero a tafin hannunsa. Ba ta ko yi yunƙurin gudu ba, don ba ta san hannun nan da mugunta ba. Ya ware fiffiken, ya haɗa dogayen gashin, ya naɗa zare. Hannun hagu ba ƙarfi, sai da ya kama bakin zaren da haƙori. Bai yarda ya dubi idonta ba. Haka ya bi su duka har rana ta take. Da Hamdiyya ta kawo abinci ta gani, abu ɗaya ya ce mata: "Kada Kabo ya ji."

Sai gida ya yi lafiya. Babu shatar adaidaita, babu wayar Kabo, shanyar Lauratu ma ta huta. Tattabarun suna tafiya a kan tayil, ƙafa na zamewa, in ɗaya ta manta ta buɗe fiffike sai ta kife gefe guda ta miƙe da kunya. Yawancin yini suna jere a bakin ƙarafan baranda suna kallon waje. Shi ma a nan yake yini, a kan tabarma, yana kallon inda suke kallo. Awon jini ya yi kyau, likita har ya yaba. Suhaib ya bugo da murna: "Ka gani ko, Baba? Ai sabawa za su yi." Amma abinci ya fara komawa a kula kamar yadda ya zo, kuma faɗan ma ya daina. Wanda ya san Malam Da'u ya san rashin faɗansa ba alamar lafiya ba ce.

Makulli dai shiru. Yau bakanike ya tafi Kano, gobe ba a samu kayan birkin ba, jibi matarsa ta haihu.

Wata safiya da ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a ƙarƙashin matattakala. Ƙura ta lulluɓe babur ɗin, gizo-gizo ya yi saƙa a madubi, tayar baya ta saki. Ya kama birkin hannu ya matsa, ya ji shi cif. Ya taka na ƙafa, lafiya lau. Babu alamar yatsan wani a jikin ƙurar nan. Ya hau sama a hankali ya zauna yana jiran Hamdiyya.

Ta shigo da sallama ta ajiye kula. Bai bari ta gama gaisuwa ba.

"Hamdiyya, birkin babur ɗina lafiyarsa ƙalau. Ina makullina?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. "Baba, bakaniken ne..."

"Ni na haife ki. Ina makullina?"

Ta ce a hankali, "Yaya Suhaib ne ya ce a riƙe. Ya ce in aka ba ka yanzu, Toranke za ka koma. Ya ce a bari har ka saba da nan, in ka saba sai a ba ka."

Malam Da'u ya kau da kai daga gare ta. Ya juya ya dubi tsuntsayen da ke jere a bakin ƙarfe, kowace da baƙin zarenta. Ya daɗe yana dubansu.

"Har in saba," in ji shi. "To ni sai yaushe za a kwance ni? Sai na yi ƙwai?"

Hamdiyya ta fashe da kuka. "Baba, kai ba ka ga kanka ba ranar da aka kawo ka. Ni na gani. Ina kiranka kana kallona ba ka iya amsawa. Inna ta tafi, kai kaɗai ka rage mana. In ka faɗi a kan hanya wa zai tsince ka? Wallahi ba don mu ƙuntata maka ba ne."

Ya san gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ba shi haushi, don shi ma ba don ƙiyayya ya sayo zare ba. Ya ce, "Miƙo mini rezar can."

Ya kama ta farko ya yanke zaren, ya shafa gashin ya miƙe, ya ɗora ta a kan ƙarfe. Ta tsaya kamar ba ta yarda ba, ta karkaɗe jiki, ta faɗa iska a karkace, sannan ta daidaita. Ya kama ta biyu. Haka ya yi ta yi, zare na taruwa a kan tabarma, baranda na raguwa, Hamdiyya na tsaye tana share ido. Saura Wake. Ya leƙa tukunyar lungu ya same ta kwance, mijinta na tsaye a baki. Ya zura hannu ya yanke mata zaren, sai ya ji ɗumin ƙwai a ƙarƙashinta.

"Ke kuma tashi mana! An sallame ki!"

Ta kumbura wuya ta sare shi a yatsa, ta gyara kwanciya. Ya yi tsaki. Wato dabarar mutanen da ya yi shekaru yana zagi ta ci a kan tsuntsuwar da ya fi so.

Hamdiyya ta buɗe jakarta ta hannu. Ashe duk kwanakin nan makullin yana ciki, kullum yana shigowa gidan tare da abinci yana fita. Ta durƙusa ta ajiye shi a kan tabarma. Ba ta roƙe shi ba, ba ta ce za ta kira Yaya ba. Cewa ta yi, "Ga shi, Baba. Allah ya kiyaye hanya."

Maigadi ya taya shi ba taya iska, suka tura, babur ya yi tari ya tashi da ƙarar da ta kori magen Lauratu daga kan katanga. Ya kama hanya a hankali, har masu keke na wuce shi, amma iskar da ke dukan fuskarsa ta fi duk maganin da ya sha daɗi.

Ya tarar da su a jere a kan katanga kamar ba su taɓa zuwa ko'ina ba. Kabo ya fito yana dariya, sai ya hango guntun baƙin zare maƙale a fiffiken wata. Ya dubi zaren, ya dubi abokinsa, ya haɗiye abin da ya zo bakinsa, ya ce kawai, "Sannu da zuwa, Malam." Aka share zaure, aka shimfiɗa tabarma. Kafin wani lokaci gari ya ji, masu gaisuwa suka yi ta shigowa, kowa sai ya tambayi jiki, ya tambayi yara, ya zauna. Matar Kabo ta aiko da fura. Malam Da'u ya rataye makulli a ƙusarsa, ya miƙe ƙafa a kan ƙasa mai riƙe ƙafa, ya sanar da duk wanda ya shigo cewa ya dawo ke nan, Gaya kuma sai dai cin kasuwa.

Da la'asar ya watsa gero, ya ɗauki kasko zai zuba ruwa. Yana cikin jiƙa kanwa sai hannunsa ya tsaya. Kaskon can na bene bai cika shi ba da safe. Mai kwanci ba ta nisa da ƙwai, in babu ruwa kusa haka za ta wuni. Ragar baranda kuma ya baro ta a yaye, ga farar magen nan mai wanka da ke kwana da baranda a ranta. Sai kuma ya ga fuskar Hamdiyya lokacin da ta ajiye makullin, yadda ta cije leɓe don kada ta ce kar ya tafi.

Ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Ya zagi Wake, ya zagi magen, ya haɗa da Alhaji Gwadabe da tayil ɗinsa. Sannan ya ɗauki makulli. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofar zaure, ya juya wa Kabo baya yana girgiza wani abu a bango, ya sa a aljihu.

"Ina kuma, Malam?" in ji Kabo. "Ba ka ce ka dawo ke nan ba?"

"Wata marar hankali na baro a kan ƙwai. Ka ba waɗannan gero da safe, gobe ko jibi ina tafe."

Rana ta yi ja lokacin da ƙarar salansa ta iso bayan garin Gaya. Hamdiyya na zaune a kan bencin maigadi a bakin get, da hijabin da ta zo da shi da safe. Ba ta je makaranta ba, ba ta koma gida ba. Da ta gan shi ta miƙe.

Ya kashe babur ya sauko da ƙyar, gwiwa na ciwo. "Kin ba ta ruwa?"

"Na ba ta, Baba."

"Da kanwa?"

"Ban san ana sa kanwa ba."

"Ina fa za ki sani. Malamar makaranta guda." Ya juya wajen maigadi. "Kai, ara mini guduma."

Ya hau matattakala yana haki, tana biye da shi. A bakin ƙofar falo ya tsaya, ya laluba aljihu ya fito da tsohuwar ƙusar zaurensa, baƙa, a ɗan lanƙwashe, da sauran jar ƙasa a jikinta. Ya kafa ta a kan farin fentin Alhaji Gwadabe, ya ce wa Hamdiyya ta riƙe masa don hannun hagu ba ya kamawa.

"Baba, ai Alhaji ya hana buga ƙusa."

"Riƙe mini, na ce."

Ta riƙe. Ya buga har ta zauna daram, fenti na zuba a kan tayil. Ya rataye makullin, ya ja da baya ya dube shi.

"Ki gaya wa yayanki a nan yake kwana, kuma ni kaɗai ke taɓa shi. Alhaji kuma in ya matsu, ya zo ya cire da kansa." Ya cire hula ya nufi baranda. "Ɗumama mini abincin nan, yunwa nake ji."